Daga Wasagu zuwa bayan Agadas: tafiyar mota cikin sanyin Sahara

Idan aka ambaci hamadar Sahara, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne zafin rana da ƙishirwa. Amma daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ke sassautawa har tafiyar ta yi wa mota sauƙi, abin da ya fi gallabar fasinja shi ne sanyin dare, wanda a wasu wuraren kan kai ga daskarar da ruwa.

Matafiyin da ya tashi daga yankin Zuru ya san hunturu tun yana yaro. Ya san kaushi da faso, ya san jin ɗumi a bakin wuta da asuba. Sai dai sanin nan kan yaudare shi, domin hunturun da ya baro a gida somin-taɓi ne a kan wanda zai tarar a arewa da Agadas.

Hanyar da ake bi

Garin Wasagu yana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, mai hedkwata a Ribah, a masarautar Zuru da ke kudu maso gabashin jihar Kebbi, daura da iyakar jihar Zamfara. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Da zarar an kammala girbi an zuba hatsi a rumbu, sai matasa su shiga shirin cin rani, kamar yadda ake yi a sauran sassan arewa maso yammacin Najeriya.

Akasarin 'yan cin ranin wannan shiyya biranen cikin gida suke nufa. Amma akwai masu fuskantar arewa, ko dai zuwa wuraren haƙar zinariya na Djado da Tchibarakaten da aka gano a arewacin Jamhuriyar Nijar a shekarar 2014, ko kuma su zarce Libiya da Aljeriya neman aikin ƙwadago. Lokacin fitarsu ya dace daidai da tsakiyar ɗari.

Daga Wasagu akan bi ta Ribah zuwa Zuru, a ɗauki hanyar Dabai da Mahuta a ɓulla Koko, sannan a hau babbar hanyar da ta ratsa Jega da Tambuwal zuwa Sakkwato. Wannan zango na farko yana da tasa matsalar. A watan Yunin 2021, 'yan sanda sun tabbatar da cewa 'yan bindiga sun kashe mutane 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, kuma hare-haren da suka biyo baya sun sa mai hankali ba ya barin dare ya same shi a hanyoyin yankin.

Daga Sakkwato zuwa Illela, bakin iyaka, tafiyar kimanin kilomita 85 ce. Ana tsallakawa sai Birnin Ƙonni, daga nan sai Tawa, sannan a yi kusan kilomita 400 ta Abalak kafin a hango hasumiyar masallacin Agadas.

A Agadas hanya ta rabu biyu. Ta farko ta nufi arewa, ta bi Arlit, garin ma'adinin yuraniyom, ta isa Assamaka a kan iyakar Aljeriya, ta wuce In Gezzam zuwa Tamanrasset. Wannan wani yanki ne na babbar hanyar da aka tsara ta haɗa birnin Aljiyas da Legas, mai tsawon kimanin kilomita 4,500.

Ta biyun ta karkata arewa maso gabas, ta ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku, tafiyar fiye da kilomita 600 ba kwalta ba inuwa. Daga Dirku sai Sigidin, sai barikin soja na Madama, sai Tummo a bakin iyakar Libiya, kana a doshi Gatrun da Sabha. A kan wannan hanya ce itaciyar Tenere take a da, wata ƙaya guda ɗaya tilo da ayarori ke yin alama da ita, har zuwa shekarar 1973 da wata babbar mota ta banke ta. Kututturenta yana ajiye a gidan tarihi na Yamai, an kuma kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Abin da ke kawo sanyin

Iskar hunturu tana tasowa ne daga arewa maso gabas, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Ƙurar da take ɗaukowa, wadda ke zama hazo a Kano da Sakkwato da Zuru, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa, wurin da masana ke ɗauka a matsayin mafi girman matattarar ƙura a duniya. Ma'ana dai, mai tafiya arewa a wannan lokaci yana tunkarar inda iskar ta fito ne.

Dalilin tsananin sanyin dare a hamada kuwa shi ne bushewar iska. A wuraren da ke da laima, tururin ruwa da gajimare kan riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, su zama tamkar mayafi. A Sahara babu wannan mayafi. Rairayi kuma samansa kawai yake ɗaukar zafi, don haka rana na faɗuwa sai zafin ya tsere sama cikin 'yan sa'o'i. Ba abin mamaki ba ne a sami bambancin digiri 20 tsakanin azahar da asubar da ke biye.

A ƙasashen Sakkwato da Kebbi, sanyin asuba a watan Janairu kan sauko ne zuwa wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyos, kuma a hakan ma tsofaffi ba sa fitowa sai hantsi. A Bilma, wadda Hausawa ke kira Balma, kudu kaɗan da Dirku, yakan sauka ƙasa da digiri 10 a yawancin dararen watan. A can ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Nijar, wato digiri 2.4 ƙasa da sifiri, a watan Janairun 1995.

Tudu ma yana ƙara abin. Tamanrasset tana bisa tsaunukan Hoggar, fiye da mita 1,300 sama da teku, kuma sanyin asubarta a Janairu kan tsaya ne wajen digiri 5, wani lokaci har raɓa ta daskare. Can arewa kuma, a garin Ain Sefra da ke bakin Saharar Aljeriya, an ga dusar ƙanƙara ta lulluɓe tuddan rairayi a 1979, aka sake gani a 2016 da 2018.

Fatake sun riga kowa sani

Zaɓen lokacin sanyi don ratsa hamada ba sabon abu ba ne. Ayarin gishiri na Abzinawa, wanda ke tashi daga tsaunukan Abzin zuwa Fashi da Balma, yakan fita ne daga watan Oktoba, bayan zafi ya karye. A farkon ƙarni na 20 ayarin kan tara raƙuma har 20,000. Suna kai gero, su sayo kantun gishiri da dabino, sannan su gangaro ƙasar Hausa cikin ɗari su sayar.

Lissafin madugu mai sauƙi ne. Raƙumi ya fi jure rashin ruwa cikin sanyi, salka ma ta fi daɗewa ba ta ƙare ba. Sanyin dare kuma suna da maganinsa: rawani mai amawali da ke rufe kunne da hanci da baki, bargo, wutar kashin raƙumi, da shayi. Buzun da ya naɗe fuskarsa sai idanu ba ado kaɗai yake yi ba.

Baƙon da bai da wannan shiri kuwa ya sha jin jiki, kuma ba lallai sai cikin tsakiyar hamada ba. A watan Disamban 1823, Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, waɗanda suka ratso Sahara daga Tarabulus ta Murzuk da Balma, suka tashi daga Kukawa, fadar Shehun Barno, cikin wani ayari mai zuwa Kano. A ƙarshen watan, a wani zango da suka yada a kan hanya, sun wayi gari sun tarar ruwan da ke cikin ƙananan kwanoni ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare.

Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, bai sake murmurewa ba. Ya rasu ranar 12 ga Janairun 1824 a Murmur, kusa da Katagum. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai zuwa Kano, daga nan ya isa Sakkwato a watan Maris, inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mutumin da ya tsallake Tenere da rai, sanyin ƙasar da ake ganin ta zafi ce ya ƙarasa shi.

A bayan Hilux

Abin da mota ta sauya shi ne sauri, kuma saurin ya zo da nasa sharrin. A da manyan motoci ƙirar Marsandi ne ke jigilar, a lafta musu kaya har su yi tozo, mutane su hau can ƙololuwa, a shafe mako guda ko fiye kafin a isa Libiya. Daga baya ƙananan motocin a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux suka mamaye hanyar, suna cinye ta cikin kwana uku zuwa huɗu.

Hilux guda kan ɗauki mutum 25 ko fiye a bayanta. Na gefe suna zama ƙafafu a waje, kowanne ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Babu rumfa, babu gilashi. Duk iskar da motar ta keta, a jikinsu take sauka.

A nan ne alƙaluman ma'aunin zafi ke ɓatar da mutum. Iska mai gudu tana kwashe ɗumin da ke kan fata da sauri fiye da iskar da ke tsaye. Bisa lissafin da hukumomin yanayi ke amfani da shi, idan sanyi yana digiri 5 kuma iska na kaɗawa a gudun kilomita 60 cikin sa'a, jiki zai ji tamkar yana cikin digiri 2 ƙasa da sifiri. Fasinjan da ke bayan mota da asuba, sanye da riga da wando da silifa, cikin irin wannan hali yake, kuma na tsawon sa'o'i.

Zafin jikin ɗan Adam mai lafiya digiri 37 ne. Idan ya sauka ƙasa da 35, likitoci na ɗaukar cewa an shiga haɗari. Alamar farko ita ce makyarkyata da haɗuwar haƙora. Daga nan yatsu su mutu, magana ta soma sarƙewa, tunani ya rikice. Mafi muni shi ne lokacin da rawar ɗarin ta tsaya, barci mai nauyi ya zo, domin na kusa da shi kan ɗauka sauƙi ya samu. Ga wanda ransa ya rataya a kan riƙon sanda kuwa, mutuwar yatsu da gyangyaɗi kaɗai sun isa su jefo shi ƙasa, kuma cikin duhu ba lallai direba ya ankara ba.

Yunwa da gajiya suna gaggauta wannan. Jiki da abinci yake hura wutarsa, alhali guzurin yawancin matafiyan bai wuce garin rogo da sukari da biskit da ɗan dabino ba. Ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon asma ko tari su ne sanyin ke fara kayarwa, ga kuma ƙura da ke shiga ƙirji.

Akwai kuma wata yaudarar. Cikin sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa sosai, amma busasshiyar iska tana ci gaba da zuƙe ruwan jikinsa ta numfashi. Wanda ya rage yawan jarkokinsa don ganin ana ɗari, ya yi kuskuren da ba a gane shi sai mota ta lalace.

Motar ita ma ba ta tsira ba. Batir yakan yi rauni cikin sanyi, injin mai amfani da man gas yakan yi gardamar tashi da asuba, ƙura tana toshe matatar iska, hazo kuma yana shafe sawun tayoyi da duwatsun da direba ke gane hanya da su.

Doka da rijiyoyi

A rahotannin mace-macen hamada, ƙishirwa ce ke kan gaba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, akasari kuma daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan da motocinsu biyu suka lalace. A shekarar 2017 wasu 44, ciki har da 'yan Najeriya da 'yan Ghana, sun mutu tsakanin Agadas da Dirku. Irin waɗannan labarai su ne ke ƙara sa mutane ganin gara a jira ɗari.

Amma ko da zafi ko da sanyi, mafarin halakar guda ne: mota ta tsaya a inda babu mai wucewa. A kan haka ne dokar da Nijar ta kafa a watan Mayun 2015, wadda ta haramta safarar baƙin haure, ta yi tasiri a kan lafiyar matafiya. Kafin dokar, motoci kan taru su fita Agadas tare duk ranar Litinin, bisa rakiyar sojoji zuwa Dirku, ta yadda idan ɗaya ta mutu wata za ta tsaya.

Da aka soma aiwatar da dokar gadan-gadan a 2016, tare da goyon bayan Tarayyar Turai, an kama direbobi da dama an kuma ƙwace motoci. Sauran sai suka koma fita a ɓoye, cikin dare, suna kauce wa sanannun rijiyoyi saboda jami'an tsaro. Tafiyar dare a Janairu kuwa na nufin gudu da mutane a buɗaɗɗiyar mota a daidai sa'o'in da sanyi ya fi tsanani, ba kuma damar hura wuta don kada a hango su.

Gwamnatin mulkin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, tashoshin Agadas suka sake buɗewa a sarari. Sokewar ta rage ɓuya, amma ba ta rage nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya ba.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Idan ana maganar tsananin sanyi zalla, Sahara ba ta kama ƙafar Saiberiya ba. Hanyar Kolyma ta ƙasar Rasha, mai tsawon kimanin kilomita 2,000 daga yankin Yakutsk zuwa Magadan, ta ratsa kusa da Oymyakon, inda aka auna digiri 67.7 ƙasa da sifiri a 1933. Direbobin can ba sa kashe inji idan sun tsaya a daji, domin in ya mutu ba zai sake tashi ba. Bambancin shi ne, su sun san da sanyi za su yi karo, motarsu da tufafinsu duk don shi aka tanada.

Abin da ya faru a Murree ta ƙasar Pakistan a watan Janairun 2022 ya fi kusa da darasin da ya shafi matafiyan Afirka ta Yamma. Dusar ƙanƙara ta rutsa da dubban motoci a kan hanya, mutane fiye da 20 suka mutu a cikin motocinsu, da yawansu kuma ba sanyin ne ya kashe su kai tsaye ba. Sun rufe gilasai sun bar inji a kunne don jin ɗumi, hayaƙi mai guba ya taru ya shaƙe su. Wannan iskar gubar, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai gawayi ke fitarwa, kuma ita ke kashe wanda ya shigar da kaskon wuta ɗaki ko gaban mota ko ƙarƙashin tamfol ya toshe ko'ina ya kwanta.

Shirin da ke ceton rai

Shawarar likitoci da ta tsofaffin direbobi ta zo ɗaya a nan. Riguna biyu ko uku a kan juna sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, kuma ta saman ta zama wadda iska ba ta ratsawa. A rufe kai da kunne da wuya, a sa safar hannu da ta ƙafa da takalmi rufaffe. Idan an yada zango kada a kwanta a kan rairayi kai tsaye, domin ƙasa tana jan zafin jiki. Tabarma ko kwali ko buhu ma ya wadatar, kuma a kwanta kusa da juna a gefen motar da ke kare iska.

Wanda sanyi ya kama har ya soma sambatu, a kare shi daga iska, a cire masa duk abin da ya jiƙe, a lulluɓe ƙirjinsa da kansa, wani ya rungume shi cikin bargo. Idan yana iya haɗiya a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Ba a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, ba a kuma kanga shi dab da wuta. Barasa da ƙwayoyin da wasu ke sha da sunan maganin sanyi ko gajiya suna dusashe hankali ne kawai, su hana mutum gane halin da yake ciki.

Ga direba kuwa, abin da ya fi kowane muhimmanci shi ne kada ya fita shi kaɗai. Mota biyu ko uku tare, wayar tauraron ɗan Adam irin ta Thuraya, na'urar GPS, da sanar da wani a Agadas ko Dirku ranar da ake sa ran isa. Idan mota ta lalace, zama kusa da ita ya fi bazama cikin hamada a ƙafa, domin masu ceto sun fi saurin hango mota a kan mutum.

Masu dawowa

Akwai kuma waɗanda ke haɗuwa da sanyin ba tare da an ba su damar yin wani shiri ba. Shekaru da dama ke nan hukumomin Aljeriya na kwaso baƙin da ba su da takardu daga biranen ƙasar, a tara su a Tamanrasset, sannan a loda su a manyan motoci zuwa kan iyaka. Waɗanda ba 'yan Nijar ba, ciki har da 'yan Najeriya, akan sauke su ne a wani fili cikin hamada, su taka kimanin kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka.

Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, mai sa ido a kan lamarin, ta ƙidaya mutane fiye da 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024 kaɗai. Da yawansu an kama su ne a wurin aiki ko a kan titi, don haka da tufafin jikinsu kawai suke isowa, sau da yawa kuma cikin dare ko da asuba ake sauke su.

A Assamaka, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana da sansanin karɓarsu, sai dai yawan masu isowa ya sha fin ƙarfin wurin, har wasu su kwana a fili. Daga nan akan kai su Arlit da Agadas, su jira a tantance su kafin a maida su ƙasashensu, jiran da kan ɗauki makonni ko watanni. Wanda aka sauke a kan iyaka cikin sanyin Janairu, yana iya kasancewa bai ga tashar Zuru ba sai zafin bazara ya kankama.